Jatan Landen Baba Direba

"Ku tsaya," in ji Baba Direba, daidai lokacin da maƙwabta suka tallabo shi zuwa bakin ƙofa. Numfashinsa da ƙyar yake fita, ga motar asibiti tana jira a waje. "Ina Mai Ɗinki?"

"Ga ni, Baba." Ta matso, tef ɗin awo rataye a wuyanta.

Ya danƙa mata mabuɗi. "Ga amanar yarana. Abinci kaɗan, abin da zai maƙale a bakin tsinke. Ruwan famfo kuwa sai ya kwana kafin ki ƙara musu."

"Baba, ka ji da kanka tukuna."

"Ni likita zai ji da ni. Su fa?"

Yaran nasa jatan lande ne, ƙanana jajaye, ba su kai gaɓar yatsa ba, cikin akwatin gilashi a gefen tagarsa. Tun da ya ajiye tuƙin tirela, mai ɗakinsa kuma ta riga mu gidan gaskiya, su suka zama abokan zamansa. Yakan ce kunnensa ya ƙoshi da rurin inji, yanzu abin da ba ya magana yake so. Mai Ɗinki, wadda ƙofarta ke kallon tasa, ba ta taɓa ɓoye masa ra'ayinta ba. "Kyankyasai ne, Baba, an dai shafa musu jan-baki." Shi kuwa ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari ta buɗe ɗakin tana yatsina fuska. Gado a gyare, ƙamshin man zafi, tsohon madubin tirela kafe a bango. Ɗan injin iska na ta fitar da kumfa cikin ruwa. Ta zuba abincin za ta juya, sai idonta ya faɗa kan wata babba tana tsintar gansakuka da 'yan hannuwanta, da sauri da sauri, kamar mai warware ɗinki. Tana nan tsaye har shayin da ta bari a ɗakinta ya huce.

Ranar da wuta ta ɗauke tun safe, ta ga sun taru a saman ruwa suna neman iska. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta zare wayar ƙaramin janaretanta daga keken ɗinki, ta ja ta zuwa ɗakin Baba. Kayan mutane kuwa da keken ɗinki na ƙafa ta ƙarasa su, har gwiwarta ta kumbura.

Da ta je asibiti duba Baba, ta tarar an sa masa robar iska a hanci, ya rame sai idanu.

"Kin ga ni ma an haɗa mini inji irin nasu," ya ce.

Ta nuna masa bidiyo a waya. Babbar nan ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan kamar gashin ido sun watsu cikin ganye. Ya riƙe wayar kusa da fuskarsa.

"Kyankyasanki sun ƙaru."

"Namu dai, Baba." Ta gyara masa matashi. "Na kira 'yarka. Tana hanya."

"Na ce kada a tayar mata da hankali. Goyo gare ta."

"Ka ce, ban ji ba. Idan ka warke ka yi mini faɗa."

Bai yi faɗan ba. 'Yar ta iso ta same shi da rai, ta wuni riƙe da hannunsa, ya ɗora ɗayan a kan jikarsa. Kashegari da hantsi ya cika.

Bayan an share makoki, su biyu suka shiga kwashe kayan ɗakin. 'Yar ta ninke rigunansa ba ta zubar da hawaye ba, haka ma takalmansa. Sai da ta leƙa cikin gilashin ta ga wani fari fat kwance a kan yashi, ba motsi, sannan ta durƙushe.

"Anti, ga ɗaya ya mutu. Su ma bin sa za su yi."

Mai Ɗinki ta sunkuya ta duba da kyau. "Bai mutu ba, ƙanwata. Riga ce ya tuɓe, ta yi masa kaɗan. Duba bayan dutsen can."

Can kuwa ga mai rigar ya laɓe, jansa ya ɗan koɗe, gashin bakinsa na motsi a hankali.

'Yar ta share ido da gefen mayafi. "Ba zan iya tafiya da su a mota ba."

"Wa ya ce za a ba ki? Kama can."

Suka rage ruwan, suka ɗaga akwatin, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Suka tsallaka tsakar gida da ƙananan taku zuwa ɗakin Mai Ɗinki, rana na ratsa gilashin, ruwan yana kaɗawa a hankali tsakanin hannuwansu.