Ruwan Gihon

Malam Admasu bai ankara ba sai da loma ta biyu ta wuce maƙogwaronsa.

A tashar Tilili abin ya faru, yana jiran motar da za ta hau da shi Gish Abay, jarkar roba a hammata. Wani ƙaton mutum mai tumbi ya taso daga rumfar mai abinci ya rungume shi, wai ɗalibinsa ne shekara ashirin da suka wuce. Kafin Malam ya tuno sunansa, mutumin ya naɗo injera, faffaɗar wainar ƙasarsu, da miya ya kai masa baki. To, wa ke kau da kai daga lomar girmamawa? Kuma ba a ba da ɗaya a tsaya. Yana cikin haɗiyar ta biyu ya tuna inda ya dosa.

Ba a zuwa idon ruwa mai tsarki na Gish Abay da abinci a ciki. Yaro ma ya san wannan.

Matarsa Tiruwork na kwance a asibiti a Bahir Dar, kwana goma sha tara. Jiya likita ya ja shi gefe ya ce su daina sayen magani. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa: ruwan Gihon, daga idon, kuma da hannunsa zai ɗebo.

Shekara talatin da shida suna wannan gardama. Ita ta ce kogin Abay shi ne Gihon da Littafi Mai Tsarki ya ambata, ɗaya daga koguna huɗun da ke fitowa daga Aljannar da aka fitar da Adamu da Hauwa'u, ta ƙarƙashin ƙasa yake biyowa ya ɓullo a Gish Abay. Shi kuwa malamin labarin ƙasa ne, mai taurin kan tsiya. Ya ce ruwan sama ne ke shiga dutse ya tsattsafo, in kuma akwai lambun Aljannar, a nuna masa a taswira. Takan ce, "Taswirarka ko gidanmu babu a ciki, ga mu kuwa muna kwana a cikinsa."

Da hantsi ya isa. Ya tuɓe takalmi ya bi layin masu fararen mayafai, ciyawa mai sanyi na tsikarar tafinsa. A bakin shingen cocin da idon ruwan ke cikin harabarsa, wani tsohon firist na tsaye da gicciyen katako, yana yi wa kowa tambaya iri ɗaya.

"Ɗana, ka ɗanɗana wani abu yau?"

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ruwan. In dai ruwan sama ne kawai, me loma biyu za ta rage masa? Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya ji kansa yana cewa, "Na ci, Abba."

"To sai gobe da sassafe."

"Matata ba za ta kai gobe ba."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, da tausayi ƙarara a fuskarsa. "Kawo jarkar, wata daga cikin matan nan ta ɗebo maka."

"Cewa ta yi da hannuna."

"Ni ba ni na kafa dokar ba, ɗana. Tararwa na yi."

Malam Admasu ya koma gefe ya zauna kan dutse. Haushin ɗalibin ya kama shi, sannan haushin firist ɗin, daga ƙarshe ya ga babu wanda ya cancanci haushin sai shi. Wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsu Hirut ce.

"Baba, kana ina? Ta farka sau biyu tana cigiyarka."

"Ga ni nan tafe."

Ya bi gefen shingen ya gangara, har inda ruwan ya fita daga harabar cocin ya zama ɗan rafi. Shanu sun tattaka bakin wurin, wata mata na wanke dankali can ƙasa. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya cika jarkar da hannunsa. A mota ya rungume ta a cinya, yana ta fatan lakar ta kwanta kafin su isa. Gargadar hanya ba ta bar ta ta kwanta ba.

La'asar sakaliya ya shiga ɗakin. Tiruwork ta ƙara ƙanƙancewa tun jiya, sai idanu. Hirut ta miƙo kofi, ya tsiyaya.

"Daga idon ne?" in ji Tiruwork.

"Daga idon."

Ta leƙa kofin, ta dube shi. Wani ɗan murmushi ya motsa a gefen bakinta.

"Admasu, ruwan idon garau yake. Wannan na wajen shanu ne. Ka ci abinci, ko?"

Ya sunkuyar da kai. Dattijo mai shekara sittin da takwas, hawaye ya zubo masa a gaban 'yarsa, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Ya gaya mata komai: tashar, mai tumbin, lomar, firist ɗin.

"Da ka ce masa ba ka ci ba, ai da ya bar ka."

"Na kasa."

"Kai da ka ce ruwan sama ne?"

Ya share hawaye da bayan hannu.

"Ka dai tsaya a wurin? Ka ga idon?"

"Na hango shi ta shinge."

"To shi ke nan. Dama so nake ƙafarka ta taka wurin ko sau ɗaya." Ta numfasa da ƙyar. "Ɗaga mini kai. Ba kai ke koya wa yara ruwa gangarowa yake yi ba? Na shanun ma daga can ya fito."

Ya tallafi ƙeyarta. Ta kurɓi kaɗan, rabi ya bi gefen bakinta, Hirut ta goge mata da bakin mayafi. Ta lumshe ido har suka zaci barci ne. Ta taga ana jiyo hayaniyar masu babur mai ƙafa uku a bakin ƙofar asibitin.

"Tiru," ya kira ta a hankali, da muryar da bai taɓa yin gardamar da ita ba. "Lambun nan, da gaske yana nan?"

"Zan riga ka sani." Ba ta buɗe ido ba. "In na isa, zan tsinko ganye in saka maka a ruwan. Ka riƙa zuwa gada kana dubawa."

Ya san itatuwan da ke zubar da ganye a Abay kafin ya iso gadar Bahir Dar, ba su ƙirguwa. Ya gyara mata matashi.

"Da safe zan riƙa zuwa ko da yamma?" ya tambaye ta.