Fitilun Malam Bashiru

Ranar da aka dawo da Malam Bashiru daga asibitin Bodinga, mutanen unguwa na tsaye suna faɗin abin da suka saba faɗi a kansa, wai tsoho ne mai taurin kai. Shekara ashirin yana zaune a Shagari cikin tsohuwar motar nan mai gado a ciki, wadda kamfanin hanya ya bar masa bayan ya gama yi musu gadi. 'Yarsa Ramlatu ta yi roƙon duniya ya koma ɗakin ƙasa, ya ƙi. Tagogin sun fashe tuntuni, an toshe su da kwano, saboda haka ko da rana tsaka sai da fitila yake duba Alƙur'aninsa. Fitilu huɗu ne 'yan ƙanana, batirin mota ke ba su wuta.

Salisu tela, maƙwabcinsa, yana riƙe da ƙafafun Malam aka shiga da shi. Malam ya miƙa hannu ya danna makunni. Shiru.

"Ramlatu, mi kika yi ma hitilun nan?"

"Baba, wallahi ban taɓa su ba."

"Ke kaɗai ka shigowa nan. Hita ki ba ni wuri."

Salisu ya sunkuyar da kai. Sau nawa Malam ya gaya masa, "Waɗanga wuta sha biyu su ka ci, Salisu, ta sandar hanya ɗari biyu da ashirin ta, kashe su za ta yi." Shi kuwa ya ɗauka rigimar tsufa ce. Da Malam ya kwanta asibiti, sai Salisu ya jawo wayar wuta daga shagonsa ya haɗa, wai a huta da ɗaukar batiri zuwa caji. Fitilun suka yi wani farin haske, suka fashe ɗaya bayan ɗaya, ƙaurin roba ya cika motar. Ya naɗe wayarsa, ya share kwalaben, ya ja ƙofa.

Washegarin dawowar Malam, Salisu ya ɗauko Ɗahiru mai wayarin mota a babur. Ɗahiru ya shinshina bango ya ce, "Wanga ba aikin ƙwan hitila ba na. Wayoyin cikin bango duk sun narke, sai an ɓalle bangon gaba ɗai. Wa yas sa musu babbar wuta?"

Salisu ya ce, "Allah masani."

Ya kawo fitilar caji, Malam ya ce tana soka masa ido. Ramlatu na kawo kunu ta ajiye a bakin ƙofa, saboda Malam ya hana ta shiga. Kullum Salisu yakan zauna kusa da gadon da maganar a bakinsa, sai ya ji kansa yana cewa, "Malam, ya ƙarfin jiki?" Ran Laraba ya yi niyya sosai, ya ce bari dai a yi la'asar.

Kafin a kira la'asar Malam ya cika.

Da aka dawo daga maƙabarta, Salisu ya tarar da Ramlatu zaune a matakalar motar, ƙwaryar kunun safe na gefenta ba a taɓa ba. Ba ta kuka. Ta ce, "Kawu, da hushina yat tahi."

Salisu ya durƙusa a ƙasa. Ƙuda na yawo a bakin ƙwaryar.

"Ba ke ta ba, Ramlatu. Ni na ƙone su. Ki yahe min."