Tabon Diddigen Inna

Duk wanda ya taso a gidanmu ya san tabon da ke diddigen ƙafar hagun mahaifiyata, Qiu Meizhu. Tun tana amarya ta same shi. Mahaifina, Zhuo Bingkun, ya sare gora a bayan gida ya bar kututturen da tsini, ita kuma ta fita neman tohon gora ba takalmi, ta taka. Ta daɗe ba ta sa ƙafar a ƙasa ba. Da ciwon ya warke sai ya zama abin tsokana. In cacar baki ta haɗa su, sai ta ɗaga ƙafar ta ce, "Ga sadakin da ka biya ni."

Shi kuma ya ce, "Idanun naki na ado ne?"

Da na dawo ƙauye daga birnin Xiamen, inda nake aiki, don bikin sabuwar shekara, na lura tana ɗingishi tsakanin murhu da tebur. Na dafa ruwan citta na zaunar da ita don in gasa mata ƙafa. A nan na ga tabon ya canza. Ya yi baƙi, ya faɗaɗa, gefensa ya barbazu kamar tawada a jiƙaƙƙiyar takarda, tsakiyarsa kuma na tsattsafo da jini.

"Inna, tun yaushe ya koma haka?"

"Tun kakar tsinkar ganyen shayi. Kanta ce kawai, ina kankare ta da reza."

"Kanta ba ta jini."

"Ke Afen, kin je birni kin dawo likita ke nan? Miƙo min tawul."

Sai da aka gama biki, baƙi suka watse, sannan ta yarda muka tafi birnin Fuzhou. A asibiti aka yanki ɗan nama aka kai gwaji. Ranar da sakamako ya fito mu uku, har da Baba, muka shiga wurin Likita Shen, wata mata mai furfura da ba ta gaggawar magana. Ta ce sankarar fata ce, irin baƙar nan, kuma dole a yanke wurin da wuri. Inna ta gyaɗa kai kamar an gaya mata za a yi ruwa gobe. Daga nan likitar ta tambaya, "Kin taɓa jin ciwo a daidai wurin?"

Inna ta buɗe baki za ta yi tsokanar da ta saba, sai ta dubi Baba ta fasa. Ta ce, "Gora na taka, tun ina yarinya."

Muka fito, Baba na biye da mu. A ɗakin cin abinci na asibitin taliyarsa ta huce a gabansa, bai ko ɗauki tsinkayen cin taliyar ba. Washegari ya ce zai koma ƙauye ya duba kaji. Maƙwabciyarmu ce ta kira ni ta ce in yi wa tsohon magana, wai tun safe yake kan tudun bayan gidanmu da diga yana tone kututturen gora ɗaya bayan ɗaya, tafukansa duk sun yi bororo.

Ya dawo ana gobe za a yi aikin, ya rame, ya tare Likita Shen a bakin ɗakin marasa lafiya. Ina tsaye kusa da shi.

"Likita, kada ki ji kunyar tsufana. Ni na sare gorar. Ni na jawo mata?"

Ta ja shi gefe suka zauna a benci. Ta ce, "Baba, abin da na sani zan gaya maka. Turawa galibi rana ce ke jawo musu wannan cuta, a baya ko a fuska. Mu mutanenmu a tafin ƙafa ta fi fito mana, ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta kaiwa. Da yawa cikin masu zuwa nan sukan ce sun taɓa jin ciwo a wurin, shi ya sa muke tambaya, kuma ana kan bincike. Amma akwai waɗanda ba su taɓa taka ko ƙaya ba, ta same su. Akwai kuma manoma ba iyaka da ƙafarsu ta sha sara, suka tsufa lafiya."

"To nata fa?"

"Ban sani ba. Babu wanda zai iya ce maka e ko a'a."

Ya fi son a ce masa e, na gani a fuskarsa, ko ba komai ya san abin da zai ɗauka. Ya shiga ɗakin ya tsaya a ƙarshen gadon Inna, kansa a sunkuye. Ta riga ta ji komai, don ƙofar a buɗe take.

"Kai dattijo, matso nan." Ya matsa. Ta kama hannunsa ta juya tafin. "Dubi abin da ka yi wa kanka. Yanzu wa zai ɗauke ni in an yi wa ƙafar aiki? Kututturen gora?"

"Da na sare ta daidai da ƙasa..."

"Da ni ma na sa takalmi. Shekara nawa ina hawa tudun nan da kwandon shayi a baya? Duwatsu nawa na taka? Su ma za ka je ka tone su?" Muryarta ta yi ƙasa. "Tsoro nake ji, Bingkun. Ba ni da ƙarfin rarrashinka. Ka zauna kusa da ni kawai."

Ya jawo kujera ya zauna. Ban taɓa jin ta kira sunansa gatsal ba sai ran nan.

An yanke diddigen, aka ɗebo fata daga cinyarta aka rufe. Gwaji ya nuna cutar ba ta bazu zuwa kaluluwar matsematsinta ba, amma an ce ta riƙa dawowa ana dubawa, kuma ba a yi mana alkawarin komai ba. Hawan tudu ya ƙare mata. Na zauna da su har ta fara takawa da sanda, sannan na koma aiki.

Baba ya ɗauki wata sabuwar ɗabi'a da ta dami ƙauyen. Duk tsohon da ya zauna shan shayi a gidanmu sai ya ce ya cire takalmi a duba tafin ƙafarsa. Wasu suka yi dariya, wasu suka daina zuwa. Mutum ɗaya ya tsorata ya tafi asibiti, aka ce masa tawadar Allah ce, ya dawo ya yi mako ba ya gaida Baba.

Da kakar shayi ta zagayo na kira su a waya da rana. Inna na zaune a tsakar gida tana tsince ganyen da Baba ya tsinko, tana mitar cewa rabinsa ya tsufa. Ta ce ya koyi dafa kunun shinkafa, amma kifi har yanzu ƙona shi yake yi. Na tambaye ta ƙafar. Ta ce tana yi mata tsami in hadari ya haɗu, kuma a sabon wata za su koma Fuzhou, in samo musu wurin zama kusa da taga a jirgin ƙasa.