Jujin Gidan Maitama

Da aka gama kaka aka rufe rumbuna, Maitama ya ɗora wa jakunansa taba da saƙi, zai bi fatake zuwa Kano. Ba zai dawo ba sai hadari ya fara haɗuwa. A bakin zaure ya tsaya ya ce wa matarsa Maijidda, "To, ga Inna, ga awaki, ga rumbu. Gida yana hannunki."

Maganar gajera ce, amma ta yi mata nauyi. Maijidda 'yar Birnin Katsina ce, ubanta baduku, ba ta taɓa riƙe fartanya ba sai dai ta hango ta a kafaɗar wani. Tun ranar da aka kawo ta wannan ƙauye mai ganuwa, wanda tafiyar hantsi ce tsakaninsa da Malumfashi, dangin miji ke cewa 'yar birni ba ta san zafin hatsi ba, kafin damina ta zagayo za ta ga gindin rumbu. Da kunnenta ta ji, ba gaya mata aka yi ba. Don haka ta ɗaura aniyar cewa in Maitama ya dawo, zai tarar da rumbunsa ya fi yadda yake zato, bakin kowa ya mutu.

Sai dai gidan ba ƙarami ba ne. Awaki goma sha ɗaya, raguna biyu a turke, kaji ba a magana, ga Inna uwar mijin da ido ya daina gani, komai sai an yi mata. Ita kuwa Maijidda hannunta na kaɗi ne. Zarenta siriri ne, masaƙa har riga-riga suke yi a kansa, kuma duk yinin da ta ɓata tana fama da turken awaki, mazarinta kwance yake. Ta ga gara ta nemi mai aikatau da za ta riƙa zuwa sau ɗaya a mako ta yi babbar shara, ita kuma ta ji da 'yar ƙaramar ta kullum.

Ta tambaya aka ce ladan irin wannan aiki mudun dawa ne, ko wuri ɗari. Mudu ɗaya duk mako har faɗuwar ruwa, daga rumbun da ta rantse a kansa. Tana cikin wannan tunani sai ga Hajjo.

Hajjo tsohuwa ce ramammiya, mijinta ya rasu da daɗewa, ba ta da ɗa ba ta da akuya. Ta zagaya gidan a hankali, amma ba ɗakuna take duba ba. Turke ta leƙa, ta leƙa madafi, ta sa yatsa a tokar murhu.

"Me awakin nan ke ci?" in ji ta.

"Harawa da dusa," Maijidda ta ce. "Nawa za ki karɓa, Gwaggo?"

"Ba na son dawa, ba na son wuri. Abin da na share shi ne nawa. In kin yarda, duk Alhamis ina nan."

Maijidda ta dube ta ta ga ba wasa take yi ba. Ta yi maza ta yarda kafin tsohuwar ta dawo hayyacinta. A birni har godiya ake yi wa masu jakunan da ke kwashe shara su fita da ita bayan gari, ba ta kuma taɓa tambayar inda suke kai ta ba. Ga wata za ta share, ta kwashe, ta kuma kira wannan lada. Ranar har Inna sai da ta tambaye ta abin da take yi wa dariya ita kaɗai.

Alhamis ta farko Hajjo ta zo da hantsi, da tsintsiya biyu, da 'yar fartanya, da kwanduna. Maijidda ta zauna a inuwa da mazarinta, amma zaren ranar bai yi auki ba, don idonta na kan tsohuwar. Ba ta taɓa ganin shara irin wannan ba. Hajjo ba ta tara komai wuri ɗaya. Toka kwandonta daban. Kashin awaki da na kaji nasu daban. Tsingaro da tsakuwa kuwa sai ta tsince su ɗai-ɗai ta zube a gindin danga, kamar mai tsintar shinkafa. In ta zo turke ba saman kawai take sharewa ba, sai ta sa fartanya ta kankare ƙasar da fitsari ya jiƙa, ta ɗebo ta sunsuna, ta gyaɗa kai. Aikin da wata za ta gama kafin rana ta take, Hajjo sai azahar. Sannan ta naɗa gammo ta yi sawu huɗu ko biyar da kwandunan, ta bar gida fes.

Tun Maijidda na jin daɗin arahar, har abin ya koma damunta. Me mutum zai yi da kashin akuya har yana sunsunawa? Ta kai maganar wajen maƙwabciyarta Lauratu, ta saman danga, da 'yar fahariya a ciki.

"Ko ƙwayar dawa ba na ba ta. Shara kawai."

"Shara fa kika ce?" in ji Lauratu. "Duka? Shi mai gidan naki..."

"Mai gida ya ce gida yana hannuna."

Lauratu ta buɗe baki ta rufe. Wanda ya riga ya san komai ba a ƙara masa sani. Ta dai ce Allah ya ba da sa'a, ta koma kan dakanta.

Wannan shirun ya ƙara tayar wa Maijidda hankali, sai ta fassara shi yadda ta iya. Ta tuna a birni ana cewa da ƙasar sawun mutum ake yi masa sammu. To wa ya fi Hajjo samun ƙasar sawunta? Kwando-kwando take ɗiba. Kwana biyu tana juya abin, tsoro kaɗan, son sani da yawa. Alhamis ta biyar, da Hajjo ta ɗauki kwandon ƙarshe, Maijidda ta ce wa Inna za ta je barkar haihuwa, ta yafa zane ta bi ta daga nesa.

Suka fita ƙofar gari, suka wuce gonakin kusa da aka sassabe karansu, har wani fako da ko ciyawa ta yi fushi da shi. Ƙasar fara fat, ta ƙeƙashe. A nan Maijidda ta ga ƙananan tsibi baƙaƙe a jere, taku uku-uku tsakaninsu, kowanne an rufa masa ƙaya don kada kaji ko iska su watsa. Hajjo ta juye kwandonta, ta barbaɗa toka a kai, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Ƙaraso mana, uwar gida. Tun bakin ƙofa nake jin takunki."

Kunya ta kama Maijidda, amma tunda ta zo sai ta tambaya. "Gwaggo, don Allah mene ne wannan?"

"Taki ne. Gonar marigayi ce. Shekara bakwai ba ta ci komai ba, ita ma ta daina ba ni. Ba ni da dabba, ba ni da abin ba Fulani su kwana da shanunsu a kai. Sai na ce bari in nema mata da tsintsiya."

Au, ashe iyakar asirin ke nan. Maijidda ta ji sanyi a ranta, har da tausayi. Ta san dai ana cewa kashin shanu na gyara gona, amma a ganinta wannan sha'anin garke ne. Ɗan abin da aka share a tsakar gida, wannan ai dabarar wanda ba shi da komai ce. Gonar Maitama da ke bakin ƙofar gari, wadda kowa ke yaba baƙar ƙasarta, ta ɗauka haka Allah ya yi ta.

Tausayin ne ya kai ta ga sauran. Bayan ɗakunan gidan akwai juji, tsibi guda ya kusa kai ƙirjin mutum, wanda ake ta zuba shara a kai tun daminar da ta wuce. Maijidda ta tsane shi tun zuwanta. Ƙuda, wari, kaji su tona su watso. Alhamis ta gaba ta nuna wa Hajjo shi.

"Har wannan ki kwashe, Gwaggo. Na ba ki."

Hajjo ta ajiye tsintsiya. Ta daɗe tana kallon jujin, yadda mai yunwa ke kallon tuwon da ba nasa ba.

"Mai gida ya sani?"

"Juji ne fa."

"Na ga juji ne. Na ce ya sani?"

Ran Maijidda ya ɗan sosu. Kowa sai ya tambaye ta mai gida, kamar ita baƙuwa ce a ɗakinta. "Gwaggo, ni aka bar wa gidan nan. In ba kya so, in nemi wani."

"Ina so," in ji Hajjo a hankali. "Sau biyu na tambaya, Allah shaida."

Mako shida ta yi tana cin jujin da kwando, har ta kai ƙasa. Maijidda ta sa aka share wurin, ta shimfiɗa tabarma tana kaɗi a can da la'asar. Inna, da ke jin gida da hanci, ta ce wata rana, "Gidan nan ya daina warin gida." Maijidda ta ɗauka yabo ne, ta ce na gode.

Bazara ta yi zafi, gabas ta fara baƙi, sai ga Maitama da jakunansa. Ya gaida Inna, ya sha ruwa, ya leƙa rumbu ya ga hatsi har ya fi lissafinsa. Ya dubi tsakar gida ya ce, "Madalla." Maijidda ta ji kamar an naɗa ta sarauta. Da ma dangin nasa na kusa su ji.

Washegari da sassafe ya ɗora wa jakuna mangala, ya ɗauki fartanya, ya zagaya bayan ɗakuna. Maijidda na dama koko ta ji shiru ya yi yawa, ta bi shi. Ta same shi tsaye a kan tabarmarta, yana duban ƙasa mai zanen tsintsiya.

"Ina jujin?"

Ta ba shi labari tun daga farko, da murmushi, tana jiran madalla ta biyu. Ko mudu ɗaya ba ta fitar ba, ko wuri ɗaya. Tana cikin magana ta ga jakunan tsaye da mangalarsu wayam, sai muryarta ta fara raguwa.

Maitama ba mai faɗa ba ne, da ma ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. Ya ce, "Gonar bakin ƙofa, kin san me ya sa take baƙa? Tun kakana, duk bazara jujin gidan nan ake kai mata. Awakin nan ba don nama nake ciyar da su harawa ba."

"A aika wa Fulani mana," ta ce.

"Sun tashi tun wancan watan."

"To a sake tara wani. Kwana nawa yake ɗauka?"

"Shekara," in ji Maitama. Ya sauke wa jakuna mangala ya mayar da su turke.

Ta ji baƙin ciki irin wanda ba ta taɓa ji ba, don ba wanda ya cuce ta. An tambaye ta har sau biyu. Lauratu ma ta buɗe baki, ita ta rufe mata shi. Ta zauna ta auna a ranta: mudu ashirin ta hana fita, ta kuwa ba da abincin gona na shekara guda, tana godiya.

Ruwa ya sauka kwana tara bayan haka. Aka yi shuka. Dawar bakin ƙofa ta fito, amma ba ta yi ƙarfi ba, ganyen ya ɗashe, ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya cika kunyoyi da jan furensa. Masu wucewa zuwa kasuwar Malumfashi su tsaya su duba, su wuce gaba kaɗan su sake tsayawa a tsohon fakon Hajjo, inda kara ya fi mahayin jaki tsawo. Dangin miji ma sun gani.

Hajjo ba ta daina zuwa ba. Alhamis ta farko bayan dawowar Maitama, Maijidda ta tare ta da mudun dawa cike har da tozo, ta ce daga yau wannan ne lada, shara kuwa a bayan ɗaki za ta zauna. Hajjo ta karɓa ba gardama. Maijidda ta ajiye mazari ta tsuguna kusa da ita, ta ce a nuna mata wanne ake tsincewa, wanne ake bari, da dalilin da ya sa toka ke hawa sama. Son sanin nata dai bai mutu ba, ya dai sami inda zai yi amfani.

Da kaka, ranar da aka gama shigar da ɗan abin da gonar ta bayar, Hajjo ta yi sallama da damin dawa a kai, zangarniya manya-manya, har wuyanta na rawa. Ta sauke a tsakar gida.

"Wannan fa, Gwaggo?"

"Na awakinki ne," in ji Hajjo. "Su suka yi noman."

Maijidda ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta kama damin ita da Maitama suka ɗaga shi zuwa bakin rumbu. Ba sai an danna ba, ya faɗa ciki, suka ji saukarsa can ƙasa.