Keken da Aka Sallama a Tayin Farko

Yadda Yero ya riƙo keken ma ya isa ya sa mutum tunani. Ya kama shi ta hannu ɗaya kamar mai jan maraƙi, feda tana dukan ƙwaurinsa, sandarsa tana saɓe a kafaɗa. Keken kuwa baƙi ne wuluk, yana sheƙi, har takardar kamfani da ake naɗe bodi da ita tana nan ba a yage ba. Sada yana zaune a ƙofar gida yana cire ƙaya daga diddigensa ya hango su, sai ya manta da ƙayar.

Sada masinja ne a ofishin gona na Batsari. Daga ƙauyensu da ke kan hanyar Ruma zuwa ofis ba wata tafiya ba ce, amma an kawo sabon shugaba mai yawan kallon agogo, wanda ya ce masa a fili ko dai ya nemi keke, ko a nemi masinja mai keke. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka sauka Sada ya yi murna, bai san 'yan kasuwa sun riga shi jin labari ba. Sabon keke Rali ya fi ƙarfinsa. Na hannu kuma duk wanda aka nuna masa sai ya gano masa ciwo: wannan an yi masa walda an shafe da fenti, wancan mai shi ya cika fara'a. Shi Sada ko goro ka ba shi sai ya ɓare ya duba sankara kafin ya gode.

Yero kuwa ba baƙo ba ne. Tun zamanin mahaifin Sada, duk kaka in an kwashe amfani, a gonarsu yake sauke shanunsa, su ci kara su bar taki. Ba a taɓa yin magana a kai ba, haka kowa ya taso ya gani. Fari ne ya kore shi kudu, ƙasar Gwari, sai bana ya dawo dajin Ruma.

Sada ya shimfiɗa tabarma, ya durƙusa ya gaishe shi. Aka tambayi gajiya, aka tambayi shanu, aka tambayi mutan ruga da yara, Yero yana amsawa da lafiya lau, sai godiya. Hansai matar Sada ta kawo ruwa ta gaida shi ta koma.

"An ce mini keke kake nema," in ji Yero.

"Haka ne, Baffa."

"To ga shi. Taya."

Sada ya zagaya keken. Ya matsa birki, ya kaɗa ƙararrawa, ya duƙa ya shinshina taya. Don dai a buɗe ciniki, ya ambaci kuɗin da shi kansa ya ji kunyarsu, kuɗin da ko tsohon keke mai faci goma ba za a bayar a kansu ba. Ya gyara tsayuwa yana jiran a ce albarka.

"Na sallama," in ji Yero.

Sada ya ɗago ya dube shi. Tunda yake bai taɓa ganin an sallama ko kaza a tayin farko ba, balle Bafulatani da zai yini a kasuwa kan ɗan maraƙi yana kaɗa kai.

"Baffa, na wane ne?"

Yero ya dubi ƙasa. "Na wani ne."

"Shi mai shi fa?"

"Ba ya bukatarsa."

Sada ya ce kuɗin ba sa kusa, su haɗu gobe a kasuwar Batsari a rumfar Barau mai gyaran keke. Yero ya ce ba komai. Ya jingina keken a zaure, ya tafi bai waiwaye shi ba.

Da Sada ya shiga gida ya tarar da Hansai tana ɓare rogo. Ya tsaya a kanta ya shiga lissafo abin da ya gano: tsoho bai iya hawa ba, keke sabo, daga kudu, mai shi ba suna, ciniki ba ja-in-ja.

"Banza ba ta kai zomo kasuwa," ya ce. "Ranar da ɗan sanda zai tare ni a bakin ofis, wa zan ce ya sayar mini? Wani?"

"Malam, Baffa Yero ne fa."

"Shekara biyu mutum yana ƙasar da ba ka gani, ka san abin da yunwa ta koya masa?"

"Ka bari jibi 'yan matan rugarsu su kawo nono, in ji daga bakinsu. Abin da namiji ya haɗiye, a bakin mata ake samunsa."

"Kasuwa gobe take ci," in ji Sada. A ransa har ya fara tunanin ko ita ma an yi mata alkawarin man shanu ne.

Washegari da hantsi ya tura keken zuwa Batsari, bai hau ba, kada a ce an gan shi a kai. Barau ya kifa shi, ya murza feda, ya kasa kunne. Ya tofa yawu a yatsa ya goge lambar da ke ƙarƙashin sirdi.

"Ba a kankare lamba ba. Wannan ko hanyar kirki bai sani ba tukuna. In ba ka so, ni ina so."

Maimakon hankalin Sada ya kwanta sai ya ƙara tashi. Me ya sa Barau ya yi saurin yabo? Ko sun haɗa baki? Ya sulale ya kirawo Lawal sarkin kasuwa, ya raɗa masa cewa shaida kawai yake so. Amma kasuwa ba ta san raɗa ba. Kafin Yero ya iso, masu rogo da masu igiya sun bar kayansu sun kewaye rumfar, wani yana cewa ai kayan kudu sai a hankali.

Yero ya yi sallama, ya dubi taron, ya dubi Sada. Sada ya sunkuyar da kai yana gyara hularsa.

"Yero, ba zarginka ake ba," in ji Lawal. "Amma ƙa'ida ce. Keke ba kaza ba ne. Wa ke da shi?"

"Na yaron wajena ne."

"Wane daga ciki? Faɗi sunansa jama'a su ji, a aika ya zo ya ce ya yarda."

Yero ya kawar da kai. Ya sauke sandarsa daga kafaɗa ya dogara da ita. Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Sai a lokacin wani abu ya ɗarsu a zuciyar Sada. Ya tuna akwai suna guda da tunda ya yi wayo bai taɓa ji daga bakin tsohon nan ba. In zai aiki babban ɗansa sai ya ce kai, in zai yi zancensa sai ya ce wancan. Wane Bafulatani ne mai kunya zai kama sunan ɗansa na fari? Sada ya buɗe baki zai ce a bar maganar, amma ya makara.

"Manu," in ji Yero. Ya faɗa a hankali, kamar sunan ya yi wa bakinsa girma.

"To, ina Manun?"

"Yana ƙasar Gwari. Can muka rufe shi da bazarar nan." Ya dubi keken. "Bijiminsa ya sayar ya saye shi. Bai gama koyon hawa ba sanƙarau ya kama shi. Uwarsa in ta ga keken ba ta iya cin abinci. Na ce in kai shi gidan da na san namu ne."

Aka shiga salati. Mai dariyar nan ya ɓace. Lawal ya cire hannunsa daga kan sirdi yana cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri. Sada ya durƙusa a gaban Yero. Manu ne fa, wanda suka sha gasa masara tare a bakin garke.

"Baffa, wallahi ban sani ba. Ka yafe mini. Ka ɗauki abinka, ko in ƙara..."

"Na sallama tun jiya," in ji Yero. "Kuɗin ka ba da su sadaka, Allah ya kai masa."

Ya mayar da sandarsa kafaɗa, taron ya dare masa, ya bi ta cikin masu awon gero ya fita.

Keken bai taɓa ba Sada matsala ba. Duk daminar nan yana hawa yana kasa kunne ko zai ji wani ƙara, bai ji ba. Kullum yana riga shugaba isa ofis, har aka fara misali da shi. Sau biyu ya je ruga da goro, aka shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa fura, aka raka shi har bakin hanya. Ba wanda ya ɗaga maganar.

Da kaka ta yi aka kwashe gero, Sada ya bar karan gonarsa a tsaye kamar yadda aka saba. Ran nan da la'asar yana komowa daga aiki ya ji kukan shanu kafin ya kai gida. Zuciyarsa ta yi sanyi, ya ƙara taka feda. Da ya sha kwanar tsamiya sai ya ga garken a ɗaya gefen hanya, a gonar Daudu maƙwabcinsa, an riga an kafa turaku. Tasa gonar tana nan shiru, sai kurciyoyi.

Yero yana tsaye a bakin hanya. Sada ya sauka ya durƙusa. Tsohon ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi Hansai, ya tambayi amfanin bana, bai rage komai ba.

"Yaya keken?"

"Lafiya lau, Baffa."

"Madalla."

Yero ya juya wajen shanunsa. Sada ya ɗan jira ko za a ƙara wata magana, ba a ƙara ba. Bai iya hawa a gabansa ba. Ya kama keken ta hannu ɗaya ya tura shi zuwa gida, feda tana dukan ƙwaurinsa.