Kujera Mai Ɗingishi

Kafinta ya riga ya zare ƙusa biyu daga ƙafar 'yar kujerar, yana kokawa da ta uku, sai mai fenti ya leƙo ta bayan kabad ɗin da yake shafawa, buroshi a hannu, fenti har a gemu.

"Subhanallahi! Wane maƙiyin katako ne ya yi wannan aika-aika? Yallaɓai, faɗa mini sunansa in kai ƙararsa wurin itatuwa."

"Auta ce," in ji Kafinta, bai ko ɗago ba. "A makaranta aka sa su aikin hannu. Yau bayan azahar za a baje wa iyaye su gani."

Mai fentin nan duk layin Rediyo ake ce masa, don bakinsa ba ya mutuwa sai barci ya kashe shi. Amma da ya ji an ambaci Auta, 'yar Kafinta mai shekara goma, sai ya ajiye buroshi ya matso. Kujerar 'yar ƙarama ce. Ƙafafu uku sun yi shawara sun daidaita, ta huɗun ta ƙi. Ƙusoshin kuwa kowace ta shiga rabi ta lanƙwashe, an bi ta da duka har ta kwanta a jikin katako.

"Ita ta ce ka gyara?"

"A'a. Jiya ta kawo ta ajiye a gabana, ta tsaya, hannu a baya. Na juya ta, na ga ƙafa ɗaya ta gaza. Da safe na ɗauko."

"Me ka ce mata?"

"Me zan ce? Aiki ne a gabana."

"Ita fa?"

"Kuka ta yi. Uwarta kuma ta dangwarar mini da shayi ko kallona ba ta yi ba." Ya sake danƙo ƙusar da filaya. "Ba komai."

Wannan kalma ita ce rigarsa, ita ce hularsa. Zarto ya taɓa yankar masa yatsa, ya ce ba komai. Ya yi zazzaɓin kwana huɗu a tsaye yana aiki, ya ce ba komai. Ba mugun mutum ba ne. Gidan da ya tashi ne ba a dukan yaro, ba a barinsa da yunwa, ba a kuma kiran sunansa sai in za a aike shi. Masu magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Shi tabarmar kaɗai ya samu. Icce kuwa yadda aka tanƙwara shi yana ɗanye, haka yake bushewa.

Can ƙuryar shago keken ɗinki ya tsaya. Inna mai ɗinkin kushin, wadda ta girme su duka, ta sauke tabarau kan hanci.

"Kai ɗan nan, ajiye filayar nan. Garin neman gira za ka rasa ido. Da kana yaro, ba ka taɓa ƙera wani abu ka kai wa babanka ba?"

Kafinta ya ajiye filayar.

"Mota," in ji shi. "Ta gwangwani. Kwana tara ina yinta. Har ƙofa na yi mata mai buɗewa."

"Me ya ce?"

"Yana karanta jarida. Ya ce in kauce, na tare masa haske."

Shekara goma sha biyu suna shago ɗaya, ba su taɓa jin wannan ba. Inna ta buɗe baki, Rediyo ya ɗaga mata hannu. Ya nufi buhun audugar kushin, ya ciro dunƙule ya manna a haɓa, fentin gemunsa ya riƙe ta. Ya hau sabuwar kujerar falo da ba a zo ɗauka ba, ya harɗe, ya buɗe kwalin fenti kamar jarida.

"Daga yau ni ne ubanka na aro. Yaro, kawo motar nan."

"Kai Rediyo, na girme ka da shekara bakwai."

"Uban aro ba a duba masa haƙori. Kawo!"

Inna ta cusa wa Kafinta gwangwanin fenti wanda ya ƙare, ta tura shi gaba. Ya tsaya, ƙaton mutum mai furfura a gefen kunne, da gwangwani a hannu. Rediyo ya yar da kwalin, ya karɓa da hannu biyu.

"Kai! Kai ka yi wannan? Da hannunka? Uwar yara, fito ki ga abin da ɗanmu ya yi! Dubi ƙofa, jama'a, har buɗewa take! Yaro, in ka girma kada ka ɗauki kowa sai ni. Uwarka ta hau baya da akuya."

"Ni ce zan hau baya?" in ji Inna. "Tsohon banza, wa ya ba shi gwangwanin?"

Audugar ta saɓule ta rataya a gefe guda. Kafinta ya cije leɓe, ya kau da kai, amma ina! Dariya ta ƙwace masa, irin wadda ba ta saba fita ba, mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya yi ta yi har ya dafa bencin aiki. Da ya ɗago idanunsa sun jiƙe, ya ce garin katako ne. Ba wanda ya tuna masa cewa ranar ba a taɓa zarto ba.

"To, ka ji yadda ake yi," in ji Rediyo. "Yanzu ni ce Auta. Ga kujerata, Baba. Yaba."

Kafinta ya duba kujerar sama da ƙasa. "Katakon mai kyau ne."

"Katako Allah ya yi shi! Yarinyar za ka yaba."

Ya sake dubawa, har gumi ya tsattsafo masa. "Ba ta faɗi ba."

"Inna, kawo ruwa, ɗanki zai kashe ni."

"Ku bar wasan nan," in ji Inna, ta nuna agogon bango. "Rana ta yi. Yarinya na can za ta tsaya gaban teburi babu komai a kai. Mayar mata da kujerarta yadda ta yi ta. Yadda ta yi ta, na ce, ba yadda kake so ba."

Nan fa aiki ya samu. Hannun da ya shekara talatin yana buga ƙusa a miƙe ya ƙi karkacewa. Ya buga ta farko, ta shige sumul har kai. Ya zare, ya sake, ta kuma shigewa.

"Wannan wane irin kafinta ne, ko ɓata aiki bai iya ba?" in ji Rediyo. "Riƙe hamar da hagu. Rufe ido ɗaya. Yi tunanin mai karɓar kuɗin hayar shagon nan."

Kafinta ya koma hagu, ya ɗaga, ya sauke. Ƙusa ta lanƙwashe, hama ta zarce ta sami babban yatsa.

"Wayyo Allah! Da zafi!"

Rediyo ya ɗauki buroshi ya kara a baki kamar lasifika, ya fita bakin ƙofa.

"Jama'a, ga labari da ɗumi-ɗuminsa! Yau da hantsi an ji Yallaɓai ya ce da zafi. Masu shaida biyu ne, ɗaya tsohuwa ce amma kunnenta garau!"

Mai walda na maƙwabta ya ɗaga gilashin fuska ya ce a yi masa barka. Inna ta ɗaure yatsan da ƙyallen kushin mai furanni, tana faɗa tana ɗaurewa, ta ƙulle shi tam kamar na jariri. Shi kuwa ya miƙa hannun ya bari. Bai ce ba komai ba.

Ya shiga bas da kujerar a cinya. Wata mata da ke gefensa ta dubi kujerar, ta dubi fensirin da ke maƙale a kunnensa, ta ce Allah ya sa ba shi ya yi ba. Ya ce 'yarsa ce ta yi, da ƙarfi, har direba ya waigo.

A ajin an jera tebura, iyaye na zagawa. Ga tabarmin takarda, ga jirgin kwali, ga 'yar tsana mai ido ɗaya. A ƙarshen layi Auta na tsaye gaban teburi, babu komai a kai sai takarda mai lambarta. Labarin zuciya a tambayi fuska. Da ta hango shi sai ta sunkuyar da kai.

Bai ɗora kujerar a teburi ba. Ya ajiye ta a ƙasa, ya tattara riga, ya zauna a kai, gwiwoyinsa har ƙirji. Kujera ta yi gaba, ta yi baya, ta tsaya. Yara suka fashe da dariya. Duk abin da Rediyo ya koya masa ya gudu daga kansa.

"Auta," in ji shi, "ke kika yi wannan? Da hannunki?"

Ta gyaɗa kai.

"Kin ga ta ɗauke ni. Ni ɗin nan duka. Kwana nawa kika yi kina yinta?"

"Sati biyu."

"Ban tambaye ki jiya ba. Ya kamata in tambaya. Faɗa mini daga farko, ina ji."

Ta ce ya tashi. Ta juya kujerar, ƙafafu sama, ta bi ƙusoshin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda shi yake yi. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

"Baba, ka taɓa ta. Ƙusata dama ta kwanta, wannan kuwa hagu."

"Na zare ne zan gyara, sai na ga ɓatawa nake yi, na mayar."

Ta dubi yatsansa mai ƙyallen furanni, bakinta ya fara motsi.

"Ba ka iya ba," in ji ta. "Gobe in an tashi daga makaranta zan zo shago in koya maka."

"Ƙarfe nawa?" in ji Kafinta, ya zaro fensiri daga kunne zai rubuta a tafin hannu.