Minti Biyu da Baba Kyamara

"Tsaya," in ji Baba Kyamara daga kan gado. "Taga tana bayana. So kike in fito kamar buhun gawayi?"

'Yar Jarida ta sauke wayarta, ta haɗiye fushi. Karo na tara ke nan. Shekara uku da gama karatun jarida, sunan ne kawai ya bi ta a layinsu, aikin ya ƙi samuwa. Sai yanzu wani gidan talbijin ya buɗe gurbi guda, yana neman wanda zai nemo labari, ya ɗauka, ya tace, ya karanta. Sharaɗin shi ne a aika hirar minti biyu kafin Litinin. Shi ya sa ta tsallaka gidan maƙwabcinsu, tsohon mai ɗaukar hoton talbijin, wanda ciwon ƙirji ya kwantar tun watan jiya.

"Aikin mutum huɗu ke nan," ya ce. "Albashin fa?"

"Na rabin mutum, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "A zamaninmu igiyar kyamara ma mutum guda ke riƙe ta, har ya yi aure da albashin. Juya min gadon nan."

Ta juya gado. Ta ɗage labule, ya ce ta sauke. Ta kashe fanka saboda ƙara, gumi ya jiƙa su sharkaf. Matarsa ta leƙo da magani, ya kore ta da hannu, wai ta shiga hoto.

"Shekara arba'in ina shiga masa hoto," in ji tsohuwar, ta dire kofin ta fita.

Daga ƙarshe ya sa ta manna baƙin salatif a siminti, taku uku daga gado. "Nan za ki tsaya. Matse hannu a haƙarƙari, ki daina haki kamar mai hawa bene. To, tambaye ni."

"Baba, yaya ka fara aiki?"

"Tambayar 'yan firamare. Gobe ki zo da wata, hasken ya tafi."

Ta fita tana ƙunƙuni, har da rantsuwa gobe mai facin taya za ta yi wa hira.

Da safe kukan matarsa ne ya tashe layin. Baba ya rasu.

Sai ran Lahadi ta iya buɗe wayar. Minti arba'in cur ta ɗauka, babu amsa ko ɗaya, faɗa ne zalla. Ta yi dariya, ta yi kuka, domin kewarsa ta kama ta sosai. Can ta lura da wani abu: duk faɗa ɗaya, hoton sai ya ƙara kyau, tun yana baƙi ƙirin har fuskarsa ta fito tarwai. Ta tsamo minti biyu daga faɗan, ta aika.

Ran Laraba editan gidan talbijin ɗin ya kira ta. "Wannan tsohon yana neman aiki?"

"Ya rasu, yallaɓai."

"To, ke ki zo. Albashin dai kin san shi."

Da la'asar ta tsallaka ta gaya wa tsohuwar. An yaye zanen gado, an kwashe magunguna, an share ɗakin tas, amma salatif ɗin yana nan. 'Yar Jarida ta taka ta tsaya a kansa. Hasken taga ya sauka daidai kan matashin kai. Tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, ba ta shigo ba.